Kallon Hawan Sallah a Kano: Inda Za Ka Tsaya da Abin da Za Ka Duba

Wata ƙaramar Sallah ƙanin matata ya zo mana daga Maraɗi, ya ce shi ba tuwon Sallah ya kawo shi ba, hawa ya zo gani. Ni kuma da fankamar ɗan gari na ce ya bar komai a hannuna. Ranar Hawan Daushe muka yi la'asar a gida, har da zama shan shayi, sannan muka fita neman Adaidaita Sahu. Ɗan sahun ya sauke mu tun a wajen gari, ya ce hanya a rufe take. Muka taka. Bindiga ta tashi ta can, muka ruga. Kakaki ya yi kuka ta nan, muka juyo. Kafin magariba mun zaga rabin birni, takalminsa ɗaya ya tsinke, kuma abin da muka gani bai wuce ƙura da kuturin dawaki ba. Bai ce min uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Yaya, ashe kai ma baƙo ne."

Maganar ta yi min ciwo, don gaskiya ce. Tun daga ranar na san cewa hawa ba bin sa ake yi ba, jiran sa ake yi. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya ginu.

Kafin ka ɗaure kaya, tabbatar za a yi

Da can wannan ba abin tambaya ba ne. Yanzu ya zama. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A babbar Sallar 2024 'yan sanda suka hana shi saboda takaddamar sarauta, aka sake hanawa a ƙaramar Sallar 2025. Abin mamakin shi ne a tsakanin waɗannan biyun ne, cikin Disamban 2024, hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun gado na duniya. Duniya na yabo, dawaki na turke.

Saboda haka kada ka biya kuɗin mota ko na masauki a kan "ai kullum ana yi". Ka kasa kunne ga sanarwar masarauta da ta rundunar 'yan sandan jiha, waɗanda kan fito 'yan kwanaki kafin Sallah. Gidajen rediyon Kano, irin su Radio Kano da Freedom Radio, suna karanta su, kuma sun fi abin da ake turawa a WhatsApp inganci nesa ba kusa ba. In kana da ɗan uwa a cikin birni, shi ma tambaye shi: wanda ke maƙwabtaka da gidan hakimi yana ganin ranar da aka fara shigo da dawaki daga ƙauye, kuma wannan alama ba ta ƙarya.

Sai lissafin rana. Ranakun hawa daga ranar idi ake ƙirga su, ita kuwa ranar idi sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwar ganin wata daga Sakkwato. Wanda zai zo daga Nijar ya lura, sau da yawa can sukan riga mu da kwana ɗaya. Da kwanan Najeriya zai yi lissafi. Ka bar wa kanka rarar kwana guda a gaba da baya.

Zaɓi hawan da ya dace da kai

Baƙo yakan zaci hawan Sallah abu ɗaya ne. Huɗu ne, kowanne da ranarsa da hanyarsa da halinsa.

Ranar idi ita ce Hawan Sallah. Sarki kan tafi filin idi na Ƙofar Mata a ƙafa cikin fararen kaya, in an idar ya hau doki ya ratso cikin gari, ya tsaya Gidan Shettima su gaisa da gwamna, sannan ya ƙarasa gida ta Ƙofar Kwaru. Hawa ne mai natsuwa, amma ga wanda ke da iyali ranar ba ta kallo ba ce: ga idi, ga gaishe-gaishe, in babbar Sallah ce ga rago yana jiran wuƙa.

Kashegari Hawan Daushe, da yamma. In kwana ɗaya kaɗai gare ka, wannan ne naka. A nan kowane hakimi yake fito da ƙarshen kwalliyarsa. Sarki kan fita ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, ya zagayo ya ɓullo Ƙofar Kudu, inda ake yin jahi, wato sukuwar gaisuwa ga sarki. Labarin baka ya ce sunan ya samo asali ne daga wani na hannun daman sarki mai suna Daushe, wanda rashin lafiya ta hana shi hawan idi, sai aka sake hawa washegari don ya samu nasa rabon.

Rana ta uku Hawan Nassarawa, da safe. Sarki kan fita bayan ganuwa zuwa gidansa na Nassarawa, inda kaburburan wasu sarakunan Kano suke, har da na Ado Bayero wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Daga nan sai gidan gwamnati, sannan ya bi ta Sabon Gari ya gaisa da mazauna can, ya biyo ta Fagge ya koma gida. Ni wannan nake zaɓa wa mai ƙananan yara da tsofaffi. Hanyar doguwa ce, titunan masu faɗi, jama'a sun bazu, ba kamar matsin lungunan cikin birni ba. Aibinsa ɗaya, rana: yakan kai tsakar rana ba a gama ba.

Na ƙarshe ya danganta da Sallar. A ƙarama Hawan Ɗorayi ake yi, a babba kuma Hawan Fanisau, garin da Sarki Ibrahim Dabo ya yi wa gida lokacin yaƙe-yaƙensa da Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure. Sarki kan fita da safe ya yini can, ya dawo da yamma. Dawowar ita ce abin kallo, kuma mutane sun ragu, don da yawa sun koma kasuwa.

Kada ka ce sai ka ga duka huɗun daga farko har ƙarshe. Mahayan ma da kansu a rana ta uku da ƙyar suke miƙe baya.

Je ka ga wurin tun ba kowa

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi amfani. Kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, ka je ka taka wurin da ƙafarka. Tsaya a filin Ƙofar Kudu ka kalli Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ka gane ina babban masallacin Juma'a yake, ina Gidan Makama, wace hanya ce ta nufi Kabara, wacce ta nufi Ƙofar Nassarawa. In da hali ka shiga Gidan Makama, gidan tarihi ne. Ganin kayan yaƙi da na sarauta a ajiye, kana karanta sunayensu a natse, zai sa ka gane su gobe in suka wuce ka a guje.

Abin da kake nema abu uku ne: inuwa, bango a bayanka, da lungun fita. Bango a baya yana hana a turo ka gaba cikin ƙafafun dawaki, yana kuma hana hannun da ba naka ba shiga aljihunka ta baya. Lungu kuwa, in taro ya motsa, kana da inda za ka zame. Tunda Hawan Daushe na yamma ne, ka tsaya a gefen yamma na titi kana fuskantar gabas. Rana za ta kasance a ƙeyarka, tana haska mahaya maimakon ta kashe maka ido.

Akwai wurin zaman baƙi a Ƙofar Kudu, amma da katin gayyata ake shiga, kuma daga masarauta katin yake fitowa. In kana da hanya ta wajen wani hakimi ko ma'aikacin fada, nemi tun azumi bai ƙare ba. Wanda ya tare ka a titi ranar hawa ya ce yana da kati na sayarwa, ka yi masa sallama. Kuma in faɗa maka ra'ayina, mai zaman sama yana ganin tsari, amma na ƙasa shi ke jin ƙasa na rawa. Wurin da ya fi duka shi ne ƙofar gidan wani da ka sani a kan hanyar da sarki zai bi: ga tabarma, ga ruwan alwala, ga makewayi, ga inda mata za su zauna. Mutanen cikin birni ba sa ƙin baƙon kallo, amma ka riga ka yi magana, kuma kada ka je hannu na dukan cinya. Ko goro ne ka riƙa.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne hawa kan katanga ko rufin tsohon ginin ƙasa, balle in Sallar ta faɗo cikin damina. Azara ba ta san yau Sallah ba.

Safiyar ranar: fara daga murin doki

In ka samu wanda zai kai ka gidan wani hakimi a cikin birni da hantsi ko bayan azahar, kada ka bari ta wuce ka. Rabin hawan a nan ake yin sa, kuma ba kowa ke gani ba.

Na taɓa zama a irin wannan zaure na kusan awa biyu. Ingarma na tsaye a turke yana haƙar ƙasa, yaro ɗaya riƙe da ragama yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Aka shimfiɗa jalala, aka aza sirdi, wani dattijo ya ja majayi har sai da dokin ya yi nishi, ya sa yatsa biyu ya gwada, ya ƙara ja. Aka goge likkafa da toka har tana ɗaukar ido. Sannan aka zo kan linzami, dokin ya ƙi buɗe baki, dattijon ya zura babban yatsa ta gefen leɓe, sai ga shi ya buɗe. A ɗaya gefen kuma mai naɗi yana tsaye kan wani saurayi da ke zaune a kujera, yana zagaya kansa da rawani, yana kwancewa yana sakewa, saurayin na gumi ba damar motsi. Makaɗa na waje suna ɗaure fatar ganga. Ba wanda ke gaggawa, kuma ba wanda ke zaune banza.

A irin wannan wuri ka cire takalmi in ka ga an cire, ka gai da manya a durƙushe, kada ka bi ta bayan doki, kada kuma ka ɗaga waya sai ka tambaya.

Abin da za ka sa da abin da za ka bari a gida

Sa kayan Sallarka, ba laifi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma takalmi ya zama wanda ka saba da shi, mai rufi, don za ka yi tafiya kuma za a taka ka. Babbar riga mai aiki ka bar wa mahaya. Hula ko lema, da hankici ko takunkumi saboda ƙura da hayaƙin albarushi. Mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu kuma ya nisanci 'yan bindiga. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin ƙarshen hunturu da farkon damina, wato tsakiyar zafin Kano, don haka ruwa ba abin wasa ba ne. Ka ci abinci sosai kafin ka fita. A can za ka samu gurasa da tsire da zoɓo da kunun aya, amma in ka bar wurinka don neman su, ka bar shi ke nan.

Kuɗi ka riƙe tsaba, ƙananan canji, a raba su aljihu biyu. Inda dubban mutane suka taru layin waya yakan cushe, tura kuɗi ta waya ya gagara, kira ma sai an yi sa'a. Saboda haka ku yanke wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wuri takamaimai: ba "wajen masallaci" ba, "ƙofar masallaci ta gabas". In maroƙi ya wasa ka har ka ji daɗi, miƙa masa a hannu. Dokar Babban Bankin Najeriya ta hana liƙi da watsa naira.

Mota ka bar ta a gida, ko ka ajiye ta nesa a wajen ganuwa. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, Adaidaita Sahu ita ce abin hawa, ita ma iyakarta inda jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa da 'yan sanda suka datse hanya. Sauran da ƙafa. Don Hawan Daushe ka yi azahar ka kama hanya, ka yi la'asar a masallacin da ke kusa da wurin tsayuwarka. Za ka yi zaman jira, ƙila awa biyu. 

Maganar waya kuwa, ba sai na ɓoye ba: ƙwacen waya ya addabi Kano, kuma cunkoso kasuwar ɓarayi ce. Aljihun gaba, hannu a kai. In za ka ɗauki hoto, ɗauka ka mayar. Wanda ya ɗaga waya sama minti goma yana bidiyo ya yi asara biyu, bai kalli hawa da idonsa ba, kuma ya yi wa ɓarawo talla.

Yara

Rubuta sunan yaro da unguwarku da lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu, ko ka maƙala da fil ta cikin riga. Babba ɗaya, yaro ɗaya. In sun fi ƙarfin hannuwanku, a bar wasu sai Hawan Nassarawa. Ƙaramin yaro a kafaɗa yake kallo, ba a ƙasa ba. Ka gaya masa tun a gida cewa za a harba bindiga, mai ƙara ce amma ta murna ce, in ka ga 'yan bindiga sun doso ka toshe masa kunne. In Allah ya kawo tsautsayi yaro ya ɓace, mutum ɗaya ya tsaya inda aka rabu, ɗaya ya sanar da ɗan sanda ko ɗan Hisbah mafi kusa, sannan gidan mai unguwa, sannan cigiya a rediyo. Yawancin yaran da suka ɓace a Sallah ta waɗannan hanyoyi ake samun su.

Yadda ake karanta jerin gwano

Ga wanda bai sani ba, duk doki doki ne, duk rawani rawani ne. Minti ashirin ya gaji. Wanda ya san abin da yake kallo kuwa ba ya son a gama.

Hakimai ne ke fara wucewa, kowanne da tawagarsa: makaɗansa a gaba, 'ya'yansa da barorinsa cikin anko, shi kuma a tsakiya cikin alkyabba. Saurari maroƙi, shi zai gaya maka wane ne, don sarautar yake kira da kirarinta. Za ka ji Madaki, Makama, Sarkin Bai, Sarkin Dawaki Mai Tuta, waɗannan huɗun su ne masu zaɓen sarki a Kano. Za ka ji Galadima, Wambai, Ciroma, Turaki, Tafida, Ɗan Iya, sarautun 'ya'yan sarki. Dubi rawani: mai kunne biyu a sama na jinin gidan sarauta ne. In dattijo na kusa da kai, ka ce, "Baba, wannan wane ne?" Ba abin da tsohon Bakano yake so kamar wannan tambaya. Zai gaya maka sunan hakimin, da ƙasar da yake riƙe, da wanda ya gada, har da wanda ya so sarautar bai samu ba.

Tsakanin tawaga da tawaga akwai masu ƙafa: 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki, mafarauta da karnukansu da layu har gwiwa, masu wasa iri-iri. Ka kalla daga inda kake. In ka ga samari sun taho a guje da sanduna da gora, ido ya yi ja, ba wasa suke ba. Ja da baya ka manne da bangonka har su wuce.

Kada ka tsallaka titi ta tsakiyar tawaga, komai gaggawarka. Yawancin dawakin nan ingarmu ne, an ƙoshe su da dawa, ga kiɗa ga bindiga. In biyu suka haɗa ido sai cizo da harbi, kuma mahayin wani lokaci yaro ne da bai fi shekara goma ba.

Zuwan sarki ba ya ɓuya. Ƙarar bindiga za ta matso, ta yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe. Sai 'yan sulke, sai 'yan lifidi da kwalkwalinsu, doki da mahayi duk a lulluɓe cikin kayan da aka cusa wa auduga don kare kibiya da mashi a zamanin yaƙi. Sai dawakin zage, an yi musu cikakkiyar kwalliya amma ba kowa a kansu, ana jan su. Sai dogarai cikin ja da kore. A nan ne manyan bayin sarki suke, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Sannan kakaki da algaita, sai laima tana juyawa a sama, a ƙarƙashinta sarki, amawali ya rufe baki, ana yi masa fifita da figini na gashin jimina, zagage na gaba suna share hanya. Nemi tagwayen masu, alamar sarautar Kano. Tarihin Kano ya jingina kakaki da figini da dawakin zage ga Rumfa, wato abin da ke wucewa a gabanka ya haura shekara 500 ana yin sa a wannan gari.

In ya zo daidai kai, ɗaga hannun dama a dunƙule ka yi jinjina, ka ce, "Allah ya taimaki sarki," ko "Ran sarki ya daɗe." Mata su rangaɗa guɗa. Shi ma zai ɗaga nasa hannun a hankali. Abin ba ya wuce daƙiƙa talatin, shi ya sa nake ce wa mutane su ajiye waya.

Jahi

Wanda ya samu wuri a filin Ƙofar Kudu shi zai ga wannan. Bayan sarki ya iso ya tsaya, sai a share fili. Mahaya su jeru sahu-sahu daga can nesa, su sako dawaki a sukwane kamar za su bi ta kansa, sai dab da shi su ja linzami, dawaki su yi turjiya, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu ko mashi su yi jinjina, su kauce, wani sahu ya taho. Mubaya'a ce irin ta mayaƙa: ga mu, ga dawakinmu, naka ne.

A nan ne hatsari ya fi yawa. Jama'a kan matsa gaba don su gani, dogarai su koro su da bulala, taro ya dawo baya gaba ɗaya. Kada ka kasance a sahun farko. Doki mai gudu ba kullum yake jin linzami ba. In dogari ya ce a matsa, matsa. Bulalarsa ba ta tambayar daga ina ka zo.

Fita

Da sarki ya shiga gida kowa zai nemi hanya lokaci ɗaya, ga duhu ya kawo kai, ga mahaya na komawa masauki, samari na sukuwa a titi don burge 'yan mata. Ko ka fita kafin a gama jahi, ko ka yi zamanka. Ni zama nake yi: in yi magariba a masallaci, in ba hanya kamar rabin awa, sannan in taka zuwa wajen ganuwa in nemi abin hawa. Kuɗin Adaidaita a wannan lokaci yakan ninka. Yi ciniki kafin ka shiga. Ka bi babban titi mai haske ko da ya fi nisa, lungun da ba ka sani ba ka bar wa masu shi.

In an wayi gari an ce babu hawa

Ba sai ka koma gida haka nan ba. Zariya da Katsina da Dutse da Kazaure duk suna nasu hawan, kuma kowannensu tafiyar 'yan awoyi ce daga Kano. Ka dai tabbatar da ranar tasu, don tsarin kowace masarauta daban.

A cikin Kano ma akwai abin yi. Ana dambe a filin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari da yamma, kuma lokacin Sallah manyan 'yan dambe ke haɗuwa. Kafin ka zauna ka san ɓangarori uku ne, Kudu da Arewa da Guramaɗa, don kada ka yi ihun murna a tsakiyar waɗanda aka kashe wa ɗan wasa. Turmi uku ake yi, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Yara kuwa gidan zu na Audu Bako suke so, sai dai ranakun Sallah cunkosonsa ya fi na kasuwar Kurmi. Kai su da safe. Marinar Ƙofar Mata tana nan, ka ga yadda ake tsoma zane a baba a fito da shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka.

In kuma zuwanka ya faɗo cikin azumi, daga goma ga wata yara ke fara tashe bayan shan ruwa, unguwa-unguwa, kuma Nalako, sarkin gwauraye, da jama'arsa na farautar gwauraye. Wanda ya rabu da matarsa bai sake aure ba ya san inda zai ɓuya. Sai Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da Kano take hawa Dala. Ka je da hantsi kafin matakalar ta cika, ka riƙe hannun yaro gam a wajen saukowa, don a nan ake turereniya. Daga sama ka juya kudu ka nemi koriyar kubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa biyu. Itatuwan da ke bayansu, cikin Gidan Rumfa suke.